Cibiyar yara masu galahanga da nake kai ɗana a Kano, abin da na gani mai daɗi da marar daɗi

Mata da yawa sun yi ta tambayata kan cibiyar da nake kai yarona, wai shin tana da amfani ko kuwa cin kuɗin mutane ne kawai, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ta karanta ta yanke wa kanta hukunci. Sunan wajen ba zan kama ba saboda akwai ƙorafe-ƙorafen da zan yi kuma ba na son ya zama kamar na zo ɓata musu sana'a, don wallahi mutanen kirki ne. A cikin garin Kano take, ta masu zaman kansu ce ba ta gwamnati ba, gidan zama ne aka gyara aka mayar da ɗakunan azuzuwa, tsakar gidan aka sa lilo da yashi. Amsata a taƙaice ita ce eh, ku kai yaranku, amma ku je da sanin cewa ku iyayen ku ne za a fi koya wa abu ba yaron ba. Duk wadda take tunanin za ta ajiye yaro da safe ta ɗauke shi da azahar, bayan wata uku ya dawo yana zuba surutu, to gara ta riƙe kuɗinta.

Ɗana yana da galahanga, wato otizim. Tun bai cika shekara 2 ba na fara ganin abubuwa, ki kira sunansa har muryarki ta dushe ba zai waiwayo ba amma ki buɗe ledar biskit a kicin zai taho a guje, ba ya nuna abu da yatsa sai dai ya kamo hannunki ya ja ki har wajen firij ya ɗora hannun naki a kai, murafan robar lemo zai tara ya jera su layi ɗaya kuma idan yayarsa ta taɓa guda ɗaya to ranar babu zaman lafiya. Ƙarar blanda kuwa toshe kunne yake yana ihu. Dangi kowa da abin da yake faɗa, wannan ta ce miskili ne, wannan ta ce ai Abbansa ma bai yi magana da wuri ba, wannan ta ce kambun baka ne, waccan ta ce mutanen ɓoye ne a nemi hayaƙi. Duk uwar da take da irin yaron nan ta san wannan karatun.

Abu na farko da ya sa na yarda da wajen shi ne ranar da muka je yin rijista ba su karɓi ko sisi ba sai da suka tambayi takardar asibiti. Shugabar, wadda kowa yake ce wa Mama, ta ce min Hajiya mu ba likitoci ba ne, ba mu ne za mu ce yaro yana da kaza ba, a je likitan yara ko na ƙwaƙwalwa ya duba shi, kuma a yi masa gwajin ji tukunna don akwai yaran da ake ta cewa galahanga ne ashe kunne ne ba ya ji. Wanda bai riga ya je ba suna tura shi manyan asibitoci irin su na Malam Aminu Kano ko na ƙwaƙwalwa da ke Dawanau, 'yan Kaduna kuma akwai na Barnawa, 'yan Sakkwato akwai na Kware, Maiduguri ma akwai nasu. Suna kuma da wata takardar tambayoyi guda 20 mai suna M-CHAT-R da ake yi wa iyayen yara 'yan wata 16 zuwa 30, tambayoyi ne irin su idan kin nuna masa abu a nesa yana kallon abin, yana kawo miki abu don kawai ya nuna miki, yana kwaikwayon ki. Mama ta jaddada cewa wannan takardar ba ita ce take tabbatar da komai ba, alama ce kawai take bayarwa cewa a kai yaro a duba.

Sannan ta faɗa min maganar da ta yi min zafi a ranar amma yanzu nake gode mata a kai, ta ce babu maganin da yake warkar da galahanga, ba na asibiti ba ba na gargajiya ba, duk wanda ya ce miki yana da kwalba ko allura da za ta cire shi to kuɗinki yake so. Magungunan da likita yake rubutawa na wasu abubuwa ne da suke biyo shi, kamar farfaɗiya ko rashin barci ko tsananin fushi da yaro yake ji wa kansa ciwo. Abin da ake yi shi ne koyarwa, a koya wa yaro yadda zai faɗi buƙatarsa, yadda zai yi wa kansa abubuwa, a kuma koya wa mutanen gida su fahimce shi. Ta ce kuma ba ke kaɗai ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi, kuma an fi gano shi a jikin maza fiye da mata. Ni da nake ganin kamar a duk unguwarmu ni kaɗai Allah Ya jarabta, sai na fara lissafa yawan yaran da ke layinmu kawai.

Yanzu aikin da suke yi da yaran. Akwai mai koyar da magana, akwai mai koya musu amfani da hannu da jiki kamar riƙe cokali da sa maɓalli da wanke hannu, sai antocin aji. Abin da na fi so shi ne ba sa rufe ƙofa su ce uwa ta jira a waje, shiga kike ki zauna a gefe ki kalla, daga baya ma a ce ke ki zo ki gwada. Bari in ba ku misalin yadda suka fara da ɗana don ku gane irin haƙurin da abin yake buƙata. Anti ɗaya ta zauna a gabansa tana riƙe da cincin, ta san yana so, a kan tebur akwai ɗan kati mai hoton cincin. Ba ta ce masa komai ba, jira kawai take. Da ya miƙo hannu zai warce sai anti ta biyu da ke bayansa ta kama hannun nasa a hankali ta ɗora a kan katin, ta taimaka masa ya ɗauka ya sa a tafin ta farkon, ita kuma nan take ta ce cincin! ta ba shi ɗan guntu. Haka aka yi ta maimaitawa, ya yi kuka, ya kwanta a ƙasa, ya tashi, aka ci gaba, a hankali ta bayan tana rage kama hannun har ta koma taɓa gwiwar hannunsa kawai. Ranar da ya ɗauki katin da kansa ya tako ya miƙa min a gida, na ruwa ne ma ba na cincin ba, zama na yi a ƙasan kicin ina kuka, don tunda na haife shi wannan ne karo na farko da ya gaya min abin da yake so ba tare da ihu ba. Da na ji tsoron ko katin zai sa ya ƙi yin magana gaba ɗaya, Anti ta ce a'a, ai kullum ana haɗa katin da furta kalmar, kuma gaskiyarta ne, yanzu yana cewa ruwa, yana cewa buɗe, yana cewa a'a da ƙarfinsa.

To amma awa nawa yaro yake yi a wajensu, sauran awannin duk a gida yake, kuma nan ne maganata ta farko ta shigo. Duk sati akwai aikin gida da ake ba uwa, ba na rubutu ba, irin a ce wannan satin duk lokacin cin abinci ki sa masa kaɗan ki jira ya nemi ƙari, ko ki ɗauki hoton banɗakinku da buta da tabarmar sallah da takalminsa da waya, ki je a wanke miki, ki jera a bango ya san abin da ke biye da wani tun daga tashi har kwanciya. Wannan jerin hotunan shi ya rage mana rigimar safe, ashe yaron ba taurin kai yake ba, rashin sanin abin da zai faru ne yake firgita shi. Aski ma haka muka yi, da sai maza biyu sun danne shi, suka ce a daina, a fara da kunna kilifa a nesa yana wasa, gobe a matso, jibi ya taɓa ta da hannunsa, a kai shi shagon lokacin da babu mutane ya zauna a kujerar kawai a taho. Ya ɗau lokaci sosai amma yanzu yana zama a yi masa, Abbansa yana riƙe da hannunsa. Na ga matan da direba ne yake kawo yaransu, su ba sa shigowa ba sa yin aikin gidan, sai ƙarshen zango su zo suna faɗa wai ba su ga canji ba. Biyan kuɗin wajen nan ba tare da kin yi naki a gida ba kamar zuba ruwa a kwando ne.

Amma in har za a tambaye ni abu ɗaya da ya fi komai daraja a cibiyar nan, zaman iyaye ne na ranar Asabar, kuma shi kyauta ne ko da yaronki ba a nan yake ba. Tabarmi ake shimfiɗawa a barandar, wata ta kawo zoɓo wata ta kawo ƙosai, yaran suna can ciki da antoci. A nan ne za ki ji mace ta ce rabona da barcin dare cikakke tun yaye, babu wadda za ta ce mata ki yi haƙuri kawai ta wuce, sai dai wata ta ce Maman Abba nima haka na yi fama, ga abin da na gwada. A nan na ji wata baiwar Allah da ta zo daga wajen gari tana ba da labarin yadda dangin miji suka ce daga wajenta aka kwaso, har auren ya mutu a kan haka, tana faɗa tana goge hawaye da gefen hijabi, wata dattijuwa da jikanta take kawowa ta jawo ta jikinta tana cewa yi shiru 'yata, babu laifinki ko ɗaya. Ana yin adashi ma a tsakaninmu, wadda kuɗin zango ya gagara a ba ta ɗaukar farko.

Maganar aljanu da ruƙiyya ma an yi ta a zaman, kuma na ji daɗin yadda Mama ta bi da ita, ba ta raina kowa ba. Ta ce addu'a ba wanda zai hana ku, ni ma ina tofa wa nawa 'ya'yan safe da yamma, amma duk wajen da za a ɗaure yaro ko a dake shi ko a turnuƙe shi da hayaƙi a ɗaki a rufe wai ana korar wani abu, ku ɗauke ɗanku ku fita, yaron da ƙarar blanda take gigita shi ku yi tunanin halin da zai shiga. Wata kuma ta tambaya ko allurar rigakafi ce take jawo shi, don ita bayan allura ta ga ɗanta ya canza. Ba a yi mata dariya ba, mu 'yan Kano mun san daga inda tsoron nan ya samo asali, mun ga abin da ya faru da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara masu sanƙarau a 1996 da kuma dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Wani likita da aka gayyato ranar ya yi bayani cewa maganar ta taso ne daga wani likitan Ingila Andrew Wakefield da ya fitar da rahoto a 1998 a kan yara 12 kacal, daga baya aka gano akwai maguɗi a ciki, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010 kuma aka soke lasisinsa na aikin likita. Ya ce a Denmak an bi yara sama da 650,000 aka fitar da sakamako a 2019, ba a ga wata alaƙa tsakanin allurar ƙyanda da galahanga ba. Abin da yake rikita iyaye shi ne alamomin suna fitowa fili ne a daidai shekarun da ake yin alluran. Gado yana da hannu sosai a ciki, in ji shi, amma ba daga uwa kaɗai ba, kuma ba rashin tarbiyya ba ne.

Akwai kuma wani taimako da suke yi wanda wanda ba shi da irin yaron nan ba zai gane girmansa ba, za ki iya barin yaro na wasu awanni ranar Asabar da yamma ki biya kuɗi kaɗan, ki je gaisuwar mutuwa ko asibiti ko ma ki koma gida ki yi barci. Mu da yawa mun daina zuwa biki da suna saboda kallon da ake bin yaranmu da shi da kuma babu wanda zai yarda a bar masa su. Guruf ɗin WhatsApp na iyaye ma yana aiki, akwai ranar da yaron wata ya fice daga gida da magariba, kafin isha hotonsa ya zaga ko'ina, mazajen wasu daga cikinmu suka fita a babur, Allah Ya taimaka aka same shi a bakin titi wajen mai shayi. Tun daga nan aka ce kowa ta ɗinka lambar waya a jikin rigunan ɗanta, a sa sakata a sama inda hannunsa ba ya kaiwa, a rufe rijiya, don yaran nan da yawansu ruwa yana jan su kuma ga kududdufai a unguwanni lokacin damina.

To yanzu ƙorafina, kuma da gaske nake.

Kuɗin ya yi yawa. Abin da nake biya masa a zango ɗaya ya fi na yayyensa biyu a haɗe, ga ba su da motar ɗaukar yara, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita sahu kaɗai ya ishi mutum, balle yaron da ba ya jure cunkoso dole sai kin ɗau shata. Na san su ma suna biyan haya da albashi da man janareto, kuma anti ɗaya ba za ta iya riƙe yara da yawa ba, amma gaskiya talaka ba zai iya ba, ragin da suke yi wa wasu bai kai ko'ina ba. Matan da suka fi buƙatar wajen nan su ne waɗanda zaman Asabar kaɗai suke iya zuwa.

Na biyu, antoci ba sa daɗewa. Yaro ya saba da wata da ƙyar, ta gane kukansa na yunwa da na gajiya, sai kawai ki zo wata safiya ki tarar da sabuwar fuska babu wanda ya sanar da ke, wai waccan ta samu wani aikin ko ta yi aure. Sau ɗaya da aka yi mana haka ɗana ya koma fitsari a wando bayan ya daina. Wajen da suke koya mana cewa a riƙa shirya yaro kafin kowane canji bai kamata su da kansu su yi haka ba, ko sati ɗaya ne a haɗa tsohuwar da sabuwar su yi aiki tare. Kuma sababbin ba duka suke da horo ba, akwai wadda ta taɓa ce min in sha Allahu nan da wata shida zai yi magana tsaf, wannan alkawari ne da bai kamata wani ma'aikaci ya yi wa uwa ba, na kai ƙara wajen Mama ta kuma ba ni haƙuri.

Katunan hoton da suka fara ba mu duk na Turawa ne da aka sauke daga intanet, hoton abincin da yaron bai taɓa gani ba, banɗaki irin na zama alhali mu na tsuguno muke da shi. Sai da muka yi namu da tuwo da koko da buta. Rahoton ƙarshen zango ma da Turanci ne mai wuya, akwai matan da sai sun kawo min na karanta musu. Janareton kuma an ajiye shi daf da tagar ɗakin da ake kai yara su huce idan sun rikice, da an ɗauke wuta an tayar da shi sai ki ga yara suna toshe kunne, mun yi magana an ce ana shirin sa sola, har yanzu dai shiru.

Maza ma ba sa zuwa zaman, in kin ga biyu to an yi sa'a, kuma cibiyar ba ta yi wani ƙoƙari ba na ware musu nasu lokacin ko a samo namiji ya jagorance su. Abbansu da na matsa masa ya je ya ce shi kaɗai ne a cikin mata ya ji nauyi ya fito. Alhali shi ne zai kai yaron masallaci da wajen aski, shi ne kuma idan ya yi wa Hajiyarsa bayani za ta saurara fiye da ni.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne babu wani shiri na manyan yara. Komai na wajen na ƙanana ne, kujerun ma ƙanana ne. Yaro ya fara girma sai a ce ya wuce nan, to ina zai je? Akwai wadda 'yarta ta fara al'ada tana tambaya yadda za ta koya mata tsafta da kare kanta daga mugayen mutane, babu wani tsari da aka tanada, mu ne dai muka yi ta ba ta shawara iya saninmu. Babu koyon sana'a, babu haɗin gwiwa da wata Islamiyya da za ta karɓe su, kuma makarantun boko da yawa da sun ji yaro yana da galahanga sai su ce babu gurbi. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018 da shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce suna da haƙƙin karatu kyauta har sakandare kuma makarantun gwamnati su zama masu karɓar kowa da ma'aikaci mai horo, an ma kafa hukuma ta ƙasa a kai a 2020. Na so a ce cibiyar tana rakiyar iyaye zuwa makarantu da wannan dokar a hannu, ba wai duk ranar 2 ga Afrilu, ranar galahanga ta duniya, a buga riguna a yi tattaki a ɗau hoto a watse ba.

Wadda za ta je, nan ko wata cibiyar daban, kafin ki biya ki tambaya ko za a bar ki ki shiga ki kalla, ki tambayi yara nawa anti ɗaya take riƙewa da irin karatun da ta yi, ki ce a rubuta miki abu biyu ko uku da za a koya wa ɗanki a wannan zangon da Hausa yadda za ki gane, ki leƙa banɗakinsu da ƙofar gidan ko tana kulle, ki tambaya kai tsaye me suke yi idan yaro ya rikice. Idan kin ga bulala ko an ce miki za a warkar da shi, kar ki koma. Ni dai zan biya na zango mai zuwa in Allah Ya hore, kuma mun haɗu mu iyayen da yaranmu suka fara tasawa za mu zauna da Mama a kan maganar ajin manya, akwai wata a cikinmu tela ce ta ce za ta kawo keken ɗinki guda biyu idan an ba da ɗaki.